Ƙarfen da ke Gwiwar Baba

Abu biyu Baba ya samo daga yaƙin basasa: ɗingishi, da guntun ƙarfe cikin gwiwar hagu. Wasu sun dawo da lambar girma, wasu da rediyo, wani mutumin Rabah an ce har keke ya turo. Namu tsohon ƙarfe ya kawo muna, kuma ko shi bai sako shi aljihu inda maƙeri zai amfana ba, cikin nama ya ɓoye shi.

Ni ne babban ɗansa namiji. Aji huɗu na yi a makaranta, Baba ya ce ya isa haka, tunda ina iya karanta abin da anka rubuta jikin buhun taki. Gonarmu ta tudu tana tsakanin Wurno da Rabah, rairayi ne wanda gero kaɗai ke haƙuri da shi. A irin ƙasar nan ruwan farko maƙaryaci ne. Sai ya zubo kamar da gaske, ka kwashi iri ka zuba, ya tsiro, sannan sama ta ɗauke kai kwana ashirin, rana ta soye maka shi kana kallo. In kuma ka cika jira, damana ta wuce ta bar ka da kara.

Mu a unguwarmu ba mu da wannan damuwa, muna da gwiwar Baba. Duk safiyar da ruwa ya kwana, sai ya ɗauki sandarsa ya ce, “Bari in miƙe ƙafa.” Shi kaɗai yake tafiya, ba a bin sa. In ya dawo sai ya zauna kan tabarma gindin dogon yaro, magidanta su kewaye shi, ya naɗe wando, ya shafa gwiwa, ya lumshe ido kamar alƙali. Ko dai ya ce, “Ƙarfe bai motsa ba,” kowa ya mayar da sungumi ɗaki, ko ya ce, “Ƙarfe ya ce a shuka,” gari ya watse zuwa gona. Shekara arba'in da wani abu ana haka. Har daga Gandi ana aiko tambaya ranar kasuwa, wai mi ƙafar Soja ta ce. Ba a tambayar lafiyar mai ƙafar, ƙafar dai.

Shekarar da nake magana, damanar da ta gabace ta tsuntsaye sun yi muna aski. Abin da munka tsira da shi na iri kwano shida ne, irin gidanmu tun na kakana, mai doguwar zangarniya, wanda ba a samun sa kasuwa. Inna ta zuba shi cikin tulu da toka, ta liƙe baki da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Mun ci garin kwaki, mun ci tafasa, tulun nan ba a taɓa shi ba.

Sai da bazara ta kama gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, tana ruwa, zazzaɓi ya kwantar da Baba har bai gane mutane. Na ɗora shi kan kabu-kabu zuwa Wurno, daga nan mota zuwa asibiti a birni. Likita ya ce ko a cire ƙarfen ko a cire ƙafar. Ni da ƙaramin hankalina na ga kamar ƙafa ta fi amfani. Anka yi aiki, anka miƙo mini abin cikin ƙaramar kwalba. Bai kai ƙwayar wake biyu ba. Na tsaya ina kallonsa, wai wannan ne ya shekara arba'in yana mulkin unguwarmu.

Baba ya farfaɗo, ya ga kwalba, ya dube ni.

“Wa ya ce a taɓa mini kayana?”

“Baba, ƙafarka za a yanke.”

“Abokan gaba da bindigoginsu ba su raba ni da shi ba, sai kai da takardar aji huɗu. Sannu, babban likita.”

Daga ranar sunana ke nan a gida, kuma ban da shi ba ya ce mini komai. Mun dawo, ƙafa tana warkewa amma ba ta kai shi ko bakin rijiya, daga ɗaki sai gindin dogon yaro, shi ma sai an riƙa shi.

Ruwan farko ya sauka. Da safe magidanta sunka taru yadda anka saba, har da taubashin Baba, wani tsoho mai baki kamar reza da muke ce wa Kawu.

“To Soja,” in ji Kawu, “an ce an kwance maka inji. Yanzu da mi za ka duba muna, da gemu?”

“Ku tambayi babban likita,” Baba ya ce, ya nuna ni da sanda. “Ga shi nan. Shi ya san abin da ya dace da kowa.”

Duk sunka juyo suna kallona kamar na sayar da rijiyar gari. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ruwa dai ruwa ne, ƙasa ta jiƙe, ni gobe zan shuka, wanda ya ga dama ya jira kwalba ta yi magana. Na shiga wurin Inna na ce ta fasa bakin tulu. Ta fasa, ta auna kwano uku ta ba ni, ta zauna kan sauran.

“Inna, gonar ba ta cika da uku.”

“Na sani. In ka ƙone waɗannan, ka samu abin da za ka dawo ka ƙona.”

Na shuka. Ya tsiro kore shar, layi-layi, har na riƙa bi ta gaban Baba ina gyaran murya. Sannan sama ta bushe. Kullum hadari ya taso daga wajen Goronyo, ya yi muna ruri, ya tafi ya zubar wa waɗanda Allah ya so. Cikin mako na uku na je na murza tsiron da yatsa, ya zama gari. Kawu ya tare ni a hanya ya ce, “Likita, ya mai jiki?” Na ce ya rasu. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ai ka yi iya karatunka.

Da ruwa na biyu ya zo, kwano uku sunka rage a duniya na irin kakana, kuma ni ne zan ce a zuba ko a bari. Na zauna tsakar gida na riƙe kai. Inna tana wanki bakin randa, ba ta ko dube ni ba ta fara magana.

“Shekara hamsin nake wanke rigunan tsohon nan. Duk ranar da ya tafi miƙe ƙafa, hannun riga na dama ke dawowa da laka har damtse. Wandon kuwa tas yake dawowa. Ni dai ban yi aji huɗu ba, amma na yi mamaki.”

Na tashi na ɗauki ƙwarya na tafi gona. Na durƙusa na tona da hannu wuri uku, gindin gawo, tsakiya, da can gefen suri. Na ɗebo ƙasar ƙarshen kowane rami, na shigo ta bayan gida na ajiye gaban Baba a ɗaki. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

“Uwarka ba ta iya riƙe baki ba,” ya ce. Sannan ya damƙi ta farko ya matse, ya buɗe hannu, ta wargaje. “Wagga daga ina?”

“Gefen suri.”

“Ina laimar ta tsaya maka?”

Na nuna masa wuyan hannu.

“Ƙasanta hwa?”

“Busasshiya.”

“To ka mayar wa uwarka da ƙwaryarta. Sai hannunka ya nutse rabi bai taɓa busasshiya ba.”

Rabin unguwa sunka shuka ranar, ni na zauna. Kwana biyar Kawu yana tambayata ko jiran takarda nake daga birni. A na shida anka yi ruwa tun la'asar. Da safe na tona, hannu ya shige har ya wuce rabi, sanyi kawai nake ji. Na kawo. Baba ya matse ta, ta dunƙule ta zauna a tafinsa da shatar yatsu. Ya ce in kama shi zuwa gindin dogon yaro.

Mutane sunka taru. Ya naɗe wando, ya shafa tabon ɗinki, ya lumshe ido.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe ramin da ƙarfen ya bari ya fi ƙarfen ji. A shuka.”

Kawu ya ce, “Amma kai tsohon nan ba ka tsoron Allah.” Ya faɗi haka ne yana sauri zuwa ɗauko sunguminsa.

Da na dawo daga gona da tulu wayam, na tsuguna gabansa na ce, “Baba, mi ya hana ka nuna mini tun ina yaro? Kana kallo na ƙona rabin irin gidanmu.”

“Kai ka tambaye ni da za ka kai ni a yanka?” Sannan ya ce, “Na dawo garin nan da ƙafa ɗaya da rabi. Ba ni iya gayya, ba ni iya ɗaukar dami. In anka zauna shawara, bayan mutane nake zama. Da na ce masu ƙasa nake tonawa, ai kowa na da hannu. Ƙarfe kuwa ni kaɗai ke da shi.”

Geron ya yi, duk da rabin gona kawai ya rufe. Da kaka na zaɓi manyan zangarniya na ware, Inna ta cika tulunta ta liƙe. Kwalbar tana nan rataye jikin ƙusa a ɗakin Baba, yana nuna wa baƙi.

Yau damana huɗu ke nan duk safiyar ruwa ni ke zagayawa ta bayan gari da ƙwarya ƙarƙashin riga, kamar ɓarawon kaji, ina da furfura a gemu. Shi yana gindin dogon yaro yana shafa gwiwa, ana kawo masa goro daga Gandi. Ni kuma har gobe a unguwa sunana wanda ya kusa lalata ƙafar Soja. Matata ta fara tambayar abin da ke ɓata mini hannun riga. Na ce mata ta je ta tambayi Inna.