Tseren da Ba a Gayyace Ni Ba

Shekara uku 'yata ta yi tana tseren kwale-kwale a kogin Potomac, burinta wata jami'a ta ɗauke ta cikin 'yan wasanta. Da mahaifiyata ta zo mana Fort Washington, ta riƙe hannun jikarta, ta ji tafin duk ya yi kanta.

"Ke kuma daka kike yi a Amurka?"

Na ji kunyar cewa jikarta na tuƙi kamar masunta. Na ce, "Hajiya, motsa jiki ne kawai, ta kusa dainawa."

Yarinyar ba ta mayar da Hausa, amma tana ji sarai. Ranar da kocin jami'ar ya zo kallon tserensu, ba ta gaya mini ba. A bakin maƙwabciya na ji jirginsu ya zo na biyu.