Bangon da Ghislaine ta shafe

Ghislaine Delbecque ce mai kula da dogon benenmu a Roubaix tun kafin a rufe masaƙar unguwar. Ita ke share matakala, ita ke fitar da shara, kuma takan san an kori mutum daga aiki kafin matarsa ta sani. Gajera ce, ba ta da fara'a, ba ta da mantuwa. Na daɗe ina maƙwabtaka da ita, ban taɓa ganin ta yafe wa kowa ba.

Ɗanta ɗaya ne, Cédric, kuma ƙwaya ta cinye shi muna kallo. Wata safiya aka tsinci gawarsa a ƙasan matakala, inda muke ajiye kekuna. A bangon wurin akwai sunansa da ya karta da ƙusa tun yana ƙarami. Ghislaine takan wanke ko'ina, amma ko soso ba ta bari ya taɓa wannan bangon.

Sai ga wani mai shirya fim daga Paris, Thibault Vernay, da mayafi a wuya da baki mai zaƙi. Wai zai yi fim a kanmu, mu da aka manta da mu. Ya zauna a teburin Ghislaine, ya ci soyayyen dankalinta, har ya roƙe ta ta bar ce masa "ku" na girmamawa, shi ma ya riƙa ce mata "ke". Ni da muke bene ɗaya sai da na shekara kafin na sami wannan izini. Ta ba shi labarin Cédric kaf: yawon asibiti, da yadda ba ta taɓa kulle ƙofa ba don kada ya dawo ya rasa shiga. Har shuɗiyar rigar sanyinta ta ara masa.

Da ma'aikatansa suka iso, ashe talaucinmu bai ishe su ba. Suka sauke tukwanen fure daga tagogi, suka zo da tasu sharar suka watsa. A bakinsu muka koyi kalmar raccord, wato duk abin da kyamara ta gani jiya dole ta same shi yau yadda yake, ko da guntun sigari ne. Sunan da ke bango kuwa sun ɗauke shi ta kowace kusurwa.

Ranar ƙarshe ta aikin hunturu muka taru kallo. 'Yar wasan da ke fitowa a uwar yaron ta fito sanye da rigar Ghislaine, kwalba a hannu, tana tangaɗi. Ta ingiza ɗanta waje, ta murza makulli. Ghislaine da ko a biki ba ta kurɓar giya! Raina ya ɓaci. Thibault ya ce mata ai ƙirƙira ce, ba da ita ake ba. Ta dai tambayi abin da ya rage a ɗauka. Ya ce mutuwar yaron a gindin bangon, sai bazara za su dawo su ɗauka.

Suna tafiya ta bi mu ƙofa ƙofa neman taimako, babu wanda ya ce a'a. Muka shafe benen da rawayan fenti daga sama har ƙasa, muka cika tagogi da fure, muka kuma kai kuka ofishin gidaje cewa kada a sake zubar mana da shara. Bangon kekuna ne ta hana kowa taɓawa. Ita da kanta ta kwaɓa filasta, ta cike sunan harafi bayan harafi, ta shafa fenti a kai. Ina riƙe mata bokiti ina hawaye, ita ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Da Thibault ya dawo ya tsaya baki buɗe.

"Ghislaine, me kika yi mini haka?"

"Ku gafarce ni, Monsieur Vernay," in ji ta, tana jingine da tsintsiya. "Ba raccord, ko? Ayya. Sai ku dawo mini da rigata."

Ya yi lallashi, ya yi barazana, ofishin gidaje ya ƙi ba shi izinin sake ɓata benen. Fim ɗin ya fito babu mutuwar, 'yan jarida suka ce ƙarshensa a guntule yake. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na taɓa tambayarta ko ba ta da-na-sanin rasa rubutun ɗanta.

"Ina yi kullum," ta ce. "Amma ba za a kashe mini shi sau biyu ba."

Har yanzu in tana shara ta iso wurin kekuna, takan ɗora tafin hannunta a kan fentin, daidai inda sunan yake.