Rabin Batirin Letsholo

Letsholo ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido. A garinmu Letlhakeng babu wanda bai taɓa hawa bayan a-kori-kurarsa ba. Wanda bai hau da ƙafarsa ba ya hau a cikin akwatin gawa. Itacen gidan makoki, tukwanen biki, akuyar da za a kai mahauta, mai naƙudar da ta ƙi jiran motar asibiti, duk Letsholo ne. Ga taurin kai, ga rowar magana, amma bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa bai tsaya ba.

A ruga aka haife shi, can cikin yashin Kgalagadi inda kakanninmu suka haƙa rijiya. Su biyu uwarsu ta haifa, Sebego ne babba. Da suka tasa, Letsholo ya bi samari zuwa ramin zinariya a Afirka ta Kudu, ya dawo da tari da farar mota mai shan fetur. Sebego kuwa ko taku ɗaya bai yi daga gindin shanun ubansu ba. Sau ɗaya ya kwana a gari, gari na wayewa ya ce karnukanmu ba su da tarbiyya, ya koma.

Saboda haka kowane ƙarshen wata Letsholo ke loda gishirin shanu da garin masara da sukari da taba, ya nufi ruga. Ya kwana biyu ya dawo da jarkar madila, kindirmon da Sebego ke tsiyayewa da hannunsa. Na sha binsa. Me suke faɗa wa juna? Wallahi ba komai. Su zauna a kan kututture ɗaya suna kallon shanu na shan ruwa, can ɗaya ya ce jar saniyar nan ta rame, ɗayan ya ce ta rame. Hirar ke nan. Amma duk watan da bai je ba, matarsa mai rasuwa takan ce gara ta zauna da kunama a ɗaki.

Mota ta tsufa, mai ita ya tsufa, fetur kuma kullum sai hawa yake. Abin da ya samu a dako duka a gidan mai yake ƙarewa, ragowar kuma bakanike ya karɓe. Sai wata tafiya wani ƙarfe ya karye mata a tsakiyar yashi. Kwana biyu yana kwance a ƙarƙashinta yana shan ruwan lagireto, kafin masu rigakafin shanu su tsince shi leɓe duk ya tsage. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya fa!

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga 'yarsa Goitse daga babban birni Gaborone, inda take aikin banki. Ta sa aka kira ni don in zama shaida, muka zauna a inuwar tsakar gida. Ta nuna masa hoton wata a-kori-kura 'yar China a wayarta.

"Baba, wannan ba ta shan mai. Wuta take ci. Zan sa maka farantan sola a kan rufi, rana ta cika maka ita kyauta."

"Kyauta," in ji shi. "Ita motar ma kyauta ake raba ta?"

"Tana da tsada, na sani, ta fi mai fetur nesa ba kusa ba. Amma tsadarta sau ɗaya ce. Ba canjin baƙin mai, ba fulogi, ba lagireto."

Na ce, "To ka ga ke nan babu abin da za ka sha in ka maƙale."

"Ke Seipone, wa ya sa bakinki? Tsohuwar banza." Ya juya wurin 'yarsa. "In ta lalace wa zai buɗe ta? Tawa da waya da filaya nake gyara ta."

"Wace waya ce ta gyara ta ran nan, Baba?"

Ya kau da kai. Can ya ce mai fetur ko a tsakiyar daji ta ƙare, jarka ɗaya ta tashe ta, ita wannan a wace jarka ake ɗaukar rana? Ya ce batirinta in ya mutu sai an sayar da garke guda. Goitse ta ce kafin batirin ya mutu ya ci kuɗinsa a man da ba a saya ba. Suka yi ta ja, kuma kowa da gaskiyarsa. A ƙarshe ya yi tambayar da tun farko ita ce a cikinsa.

"Za ta kai ni wurin Yaya?"

Goitse ta sunkuyar da kai tana gyaran zoben hannunta. "A kwalta tana tafiya mai nisa sosai."

"Ban tambaye ki kwalta ba."

"In za ka je ruga sai ka faɗa mini, in samo maka direba da mota."

Nan na gane, shi ma ya gane. Yarinyar nan ta yi lissafinta tun daga Gaborone. Yashi na zuƙe batir kamar yadda maraƙi ke zuƙe nono, ga kaya a baya, ga ba wuta a ruga. Motar ba za ta je ta dawo ba. Turke ta saya wa ubanta, turke mai ƙafa huɗu da rediyo. Ni kuma na goyi bayanta a fili, don na ga leɓensa ranar da aka kawo shi. Da ta fashe da kuka ta ce ta riga ta binne uwa, ba za ta je tonon uba a cikin yashi ba, sai ya miƙa mata makullin tsohuwar motar. Aka sayar da ita aka cika kuɗin sabuwa.

Gaskiya dai, a cikin gari sabuwar ta yi. Tana jan kaya fiye da tsohuwar, ba hayaƙi, ba tari da safe. Karo na farko a rayuwarsa kuɗin dako ya kwana a aljihun Letsholo, har ya saya mini bargo, abin da bai taɓa yi ba. Kaji ne kawai suka sha wuya, don ba sa jin zuwanta. Direban da aka yi alkawari kuwa ya zo sau ɗaya, wani yaro mai kallon agogo, wanda ya ba 'yan'uwan nan abin da bai kai dahuwar shayi ba ya fara danna oda. Letsholo ya ce ba ya ƙara shiga motar wani don ya ga ɗan uwarsa.

Ya rame. Ya dinga tsayawa a bakin shingensa da yamma yana kallon arewa, hannu a baya. Ni da nake zolayarsa tun muna tsirara, sai na daina. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin bargon.

Shi ne ya samo dabara. Ya cika batir ya bi hanyar ruga yana kallon allon gaban motar, har lambar ta sauko rabi. Daidai nan akwai wata babbar bishiyar ƙaya. Daga ita zuwa ruga tafiyar rabin yini ce a amalanken jaki. Ya aika wa Sebego saƙo ta bakin masu sayen shanu, tunda waya ba ta kamawa a can. Daga nan kowace Asabar ta ƙarshen wata, Letsholo ya zo da rabin batir, Sebego ya zo da jakuna biyu, su haɗu a gindin ƙayar. A sauke gishiri a ɗora madila, a zauna a kan ƙofar bayan mota. Babu shanun kallo, sai su kalli jakunan. Rana na karkata kowa ya juya.

An fi shekara ana haka. Goitse ta sani, ta kuma yarda, don lissafin bai karye ba.

Wata Asabar cikin sanyi na bi shi. Muka isa ƙayar da hantsi, ba amalanke. Muka sha shayin da na zo da shi. Letsholo ya hau bayan mota ya kare ido da hannu. Ya sauko, ya zagaya ya duba ƙasa, babu sawun jaki ko na jiya. Rana ta take, ta fara gangarawa, har inuwar ta bar mu.

Na ce, "Wataƙila jakunan ne suka ɓata. Ka san halinsu."

"Yaya ba ya makara."

"To mu koma, gobe a nemi mai fetur a zo."

Ya shiga mota ya zauna, na shiga. Allon na nuna rabi cif. Ya daɗe yana kallonsa.

"Seipone, kin taho da maganin hawan jininki?"

"Yana jaka. Me ya faru?"

"Na kwana nawa ne?"

"Kai Letsholo, kada ka soma! Na rantse in ka wuce bishiyar nan sai na faɗa wa Goitse da bakina. Da me za mu dawo? Da tusarka?"

"Ki faɗa mata," ya ce, ya saki birki.

Na zage shi tun daga ƙayar har muka hango rijiya, na haɗa da kawuna da ya haife shi. Ko kallona bai yi ba. Lambar na ta sauka, shi kuwa fuskarsa sai sakewa take yi, har ya fara gaya mini sunan kowane tudu kamar ban san su ba.

Muka tarar da Sebego zaune a ƙofar bukkarsa, jarkar madila a gefensa, an ɗaure bakinta tun safe. Ƙafafunsa ne suka ƙi. Ya yi ta ƙoƙarin hawa amalanke ya kasa, makiyayin da ke taya shi kuma ya bi shanu. Da ya ga ƙaninsa bai yi mamaki ba, sai ya matsa masa a kan kututture.

"Ba ta da ƙara," ya ce yana nuna motar da haɓa.

"Ba ta da ita, Yaya."

"Ka ci abinci?"

Ni na juya baya na shiga neman itace, don ba na son tsofaffin nan su ga ina sharar ido.

Bayan kwana uku Goitse ta iso da hayar mota mai fetur da igiyar ja, idonta jawur. Ta roƙi Sebego ya biyo mu asibiti, ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ta juya kan ubanta ta ce ai ya san motar ba za ta dawo da shi ba. Ya ce ya sani. Ya ce ita lissafin zuwa da dawowa ta yi, kuma lissafinta daidai ne, shi na zuwa kawai yake buƙata. Ya ba ta makulli ya ce a ja motar a ba ɗan wani ya ci abinci da ita, mota ce mai kyau, ba shi da abin faɗa a kanta.

Muka bar shi wurin yayansa, muka jawo ta har gida, babu kowa a ciki. Yanzu wani jikan maƙwabta ke dako da ita, kuma yana samu. Goitse ce ke aika gishiri da sukari, in direban hayar da ta aika ya dawo ya ce mana suna nan, suna kallon shanu.

Ni ce dai aka bari. A garin nan kaf babu sauran mai ce mini tsohuwar banza, kowa sai ya rusuna ya ce Mama ina kwana. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Na aika masa cewa in bai dawo ba zan mutu in bar shi da kunyar rashin zuwa jana'izata. Amsar da ya aiko ita ce in yi haƙuri in ɗan jira, ba zai iya barin Yaya shi kaɗai ba, kuma ya ce a tambaye ni ko bargon yana da ɗumi.