Ranar da Inna Ta Kashe Wutar Wanka

A unguwarmu a Kibiya, in mace ta haihu aka ce wa zai yi mata wankan jego, ba a dogon tunani. Inna ce. Yayar mahaifiyata ce, kuma ita ta raine ni, domin mahaifiyata ta rasu ban yi arba'in a duniya ba. Da na yi wayo na tambayi abin da ya kashe ta, aka ce sanyi ne ya shige ta, aka rufe maganar.

Na tashi ina ganin rabin duron Inna a kan murhu a bayan ɗaki. Ruwa zai tafasa har ya riƙa tsalle, ta tsoma damin ganyen darbejiya, ta fyaɗa wa maijego a baya, a ciki, a cinya. Hannun nan nata na rantse ba ya jin zafi. Maijego na ihu tana salati, Inna na yi mata tsiya: "Lokacin da kike cin amarci ai ban ji kin kira ni ba." Bayan wanka sai kwanon kunun kanwa, sai kauri da ya ji yaji. Mace ta fito jajur tana sheƙi, dangin miji su zo su gani su ce lallai ta gasu. Da wannan aka san Inna, har daga Rano ake zuwa roƙonta. Ita kuwa mace ce mai son yabo, ba ta ma ɓoyewa.

Saboda haka da na haifi 'yata ta fari aka kawo ni gida wanka, har wata yanga nake yi. Mijina, mutumin Rurum Sabon Gari, ya aiko da itacen kirya amalanke guda, aka jibge a tsakar gida yadda duk mai zuwa barka zai san ba matsiyaci na aura ba. Na sha fyaɗa, na sha kunu, na yi ihuna kamar kowa.

Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura, silifas ya ƙi shiga. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, dole in tashi in jingina da bango. Ko nono zan ba jaririya sai na tsaya na huta. Tsoro ya kama ni, amma na yi shiru, don kada a ce ɗiyar Inna ce raguwa.

Ana haka surukata ta zo duba mu, ta kwana biyu. Hajiya ba muguwa ba ce, tana sona. Ta kalli ƙafafuna ta kama haɓa.

"Wannan ai sanyi ne. Wankan bai kama ta ba. A ƙara wuta, a ƙara kanwa."

Duk matan da ke wurin suka gyaɗa kai, don a wurinmu kumburin maijego sunansa sanyi, maganin sanyi kuwa zafi. Ni kaina na yarda. Amma a ce wankan Inna bai kama mace ba, a cikin gidanta, wannan ya fi mari ciwo. Na ga yadda ta cije leɓe.

Da safe Inna ta hura wutar da ban taɓa ganin irinta ba. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina haki, duro na ɓararraka. Ta ɗauko ganye, sai kuma ta ajiye. Ta durƙusa ta kama ƙafata, ta danna babban yatsa a ƙwaurina. Wurin ya lotsa kamar malmalar tuwo, ya ƙi dawowa. Ta daɗe tana kallon ramin nan.

"Ke 'yar nan, in kin kwanta numfashi na ɗaukewa? Sai kin jingina?"

Na ce e.

Ta ɗauki ƙwarya ta ɗebi ruwan duron ta sheƙa a cikin murhu, ta ƙara, ta ƙara, har wutar ta mutu murus. Hayaƙi da toka suka turnuƙe gidan. Hajiya ta fito a guje.

"Subhanallahi! Me zan gani haka?"

"Asibiti za mu, Hajiya."

"Da ɗanyen jego? A fasa wanka? Jikinta ai ruɓewa zai yi!"

"In ya ruɓe ni za a tambaya."

Inna ta saɓa jaririya a baya, ta aika aka kira mai adaidaita sahu, sai Rano. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta taka asibiti don kanta ba, ta ce warin wurin na sa ta amai. Ran nan ita ce a gaba tana ture mutane.

Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, zuciyata ta gaji, ruwa ya taru a jikina. Ya tambaya ko ina shan kanwa. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ni nake ba ta, da hannuna, safe da yamma." Ya ce a daina, a daina ruwan zafin nan ma. Na zata za ta yi musu, don Inna ba ta barin ta kwana. Sai na ji tana tambaya, kamar ɗaliba, ruwan wanka zafinsa ya kai yaya. Ya ce wanda za ta iya wanke jariri da shi.

Aka kwantar da ni. Hannuna ba ƙarfin riƙe yarinya, sai Inna ta hau gefen gado ta tallafo ta a ƙirjina, ta riƙe har ta ƙoshi. Wata mai jinya a gadon kusa ta ce a nemo madara a hutar da ni. Inna ta tambayi malamar asibiti, aka ce zan iya shayarwa, shi ke nan ba ta ƙara sauraron kowa ba. Ina kallon hannun nan da ba ya jin wuta yana tallafe da kan jaririya.

Da muka koma Kibiya magana ta riga mu isa. Wai Inna ta tsufa, wai ta fara tsoron wuta, wai ta zama 'yar boko da furfurarta. Aka haihu a maƙwabta ba a kira ta ba, aka ɗauko wata daga Dawaki. Abin ya ci ta, na sani, don ta yini ba ta yi wa kowa tsiya ba. Amma duron yana kife, ruwan ɗumi take sirka mini, kunun gyaɗa take dama mini. Wallahi ban taɓa sonta kamar a kwanakin nan ba.

Ranar arba'in Hajiya ta dawo da mata don a mayar da ni ɗakina. Kumburi ya saɓe, ina tafiya da ƙafata. Ta dubi tarin kirya yana nan kusan yadda aka jibge shi, ta yi dariya, rabi wasa rabi gaske.

"Itacen ɗana dai ya yi asara. Ɗanyar yarinya za a ba mu."

Inna na zaune a tabarma, jaririya na cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, uwar yarinyar nan ƙanwata ce, ciki ɗaya. A gidan nan na yi mata wanka. Ita ma haka ƙafarta ta yi, na danna ta lotsa. Aka ce sanyi ne, na ƙara wuta, na ƙara kanwa, don kada a ce ban iya ba."

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

"Na san yadda ake ɗura wa jinjira nonon akuya tana kuka tana lalubar ƙirjin da babu komai. Na raini marainiya ɗaya, ta ishe ni. Wannan uwarta ce za ta raine ta."

Ta miƙo mini 'yata.

"Ungo, ba ta ta sha."