Babin da Mushe Abdu bai kai ba

Shekara shida ke nan da sanƙarau ya ɗauke yayana Abdu, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a ƙasarmu, malamin lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, ta nan Tawa. Har yau tambayar da ya rubuta da alli tana nan a bangon zaurenmu, ƙarƙashinta wayam.

Ni magini ne. Lakkol ɗina ba ta wuce firamare ba, don haka kada wani ya zaci zan yi masa bayanin lissafi. Abin da na sani shi ne littafin ƴan tarminal, masu shirin jarrabawar bak ta gama lise, yana da kauri, kuma ƙa'idar porgiram ita ce a fara daga farko a bi shi babi bayan babi. Na ƙarshe shi ne babin sa'a: a zuba duwatsu farare da baƙaƙe cikin jaka, ka zura hannu ba ka duba ba, a lissafa wanne ya fi kusa da fitowa. Duk littafin babu wanda Abdu ke so kamarsa. Kuma tun da aka shiga dimokuraɗiyya bai taɓa kai yara gare shi ba.

Yau malamai na yaji, gobe ɗalibai. Kafin a daidaita damina ta faɗi, yaran ƙauyukan Afala da Barmu sun koma gona. Wata shekarar ma a soke ta ɗungum a ce farar shekara ce. Masu shirya jarrabawa a Yamai kuwa ba ruwansu, daga ko'ina cikin littafin suke ciro tambaya. Da idona na ga Abdu ya dawo gida ya ture kwanon tuwo, don an tambayi yaransa babin ƙarshe, sun zauna suna kallon takarda kamar an ba su rubutun Tamashek na Buzaye.

Shi ya sa ya sa ni na shafe bangon zaure da siminti, na fasa tsofaffin batura, na kwaɓa garinsu da ƙaro na baƙanta shi. Matarsa ta ɗinka jaka, shi kuma ya fita fako ya tsinto duwatsu.

Na ce masa, "Yaya, kai ɗai ka ɗauki lakkol ɗin ga da zahi. Masu ita ma sun saki."

Ya ce, "Kai da ka gini, ka taɓa barin ɗaki ba ruhi ka ce ka gama?"

Da bazarar shekarar da ya rasu an kulle lise, yara suka riƙa zuwa zaure, suna zaune kan tabarma suna zufa, yana korar littafin kamar mai korar awaki. Suka kai. Ya rubuta tambayar farko ta babin, ya rataye jakar a ƙusa, ya ce kada kowa ya taɓa, gobe kowa zai zura hannu. Da la'asar ya ce wuyansa ya ƙage. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa.

Da zai ɗago yau, me zai gani? An yi zaɓe, sojoji sun karɓa, an sake zaɓe. An kawo sabon porgiram da sababbin littattafai masu ƙyalli, an kwashi malamai an yi musu bita. Babin yana nan inda yake, can baya, yaji kuma yana nan a gaba yana jiran kowace shekara. Ba na jin zai yi faɗa. Zai dai tambayi inda aka tsaya, a faɗa masa, ya sake ture kwano.

Sahabi, ɗan garin Kalfu, yana cikin waɗanda suka zauna a zauren. Yanzu shi ke riƙe da ajin Abdu. Bara ya zo gaishe mu, ya ga bangon, ya ɗauki guntun alli.

"Baba, bari in ƙarasa ta. Ba ta da wuya."

Na riƙe masa hannu. "Ni ka ga na yi kama da mai bak? Ba don bango anka rubuta ta ba. Kawo yara."

Ya ce in sun kai babin. Na ce to ya fara musu littafin daga baya mana. Ya yi dariya, ya ce sufeto ba zai yarda ba. Ba su kai ba.

Wani lokaci da tsakar rana, in na dawo daga aiki na zauna a zauren, nakan ji duwatsun suna gogar juna cikin jaka. Matata ta ce ƙadangare ne. Wataƙila. Ban taɓa leƙawa ba, tunda ya ce kada a taɓa. Laimar damina kuma tana cin allin kaɗan-kaɗan, har layi na biyu ya fara ɓacewa, ni kuwa ban iya maido shi ba, ban san me ya ce ba.

Ba a sa wa wani aji sunan Abdu ba, ba kuma na roƙon a sa. Abin da ya rage nasa darasi ne guda da aka ce sai gobe. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta, in mai irin halinsa na hutawa.

Sahabi, na san kana karanta jaridar nan. Na sake baƙanta rabin bangon na ƙasa, alli na nan kan taga. An buɗe lise satin jiya. Ka zo da yaran tun ba a kulle ta ba.