Nunan Farin Mola Efome

Babu mahalukin da ya yi wa ilimin tsirrai hidima a gindin dutsen nan kamar maƙwabcina, Mola Efome Ngale (Mola laƙabin girmama dattijo ne a wurinmu). Ba na shakkar wannan magana, domin daga bakinsa na ji ta, kuma ba sau ɗaya ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana magatakarda a gonar shayi. Da ya yi ritaya, maimakon ya kama noma kamar kowane mai hankali a Bova, sai ya tumɓuke gwazar matarsa, Iya Limunga, ya kafa rumfa a wurin, ya shiga tara wani tsiron dawa mai fure da ake kira okid. Wanda bai sani ba zai ce kauci ne, don a jikin itace yake maƙalewa, sai dai shi ba ya tsotsar itacen, zaman cin arziki kawai yake yi. Duk ranar da iska ta kayar da itace a dawa, jama'a su tafi da gatari neman makamashi, shi kuwa ya tafi da wuƙa da buhu. In ya dawo sai ya ɗaure abin da ya samo a kan ɓawon itace da tsumman zanen matarsa, ya yanki gwangwanin madara ya rubuta lamba ya rataya. Sun haura ɗari biyu. Ba a cin ko ɗaya.

A cikinsu akwai wani guda, mai lamba tamanin da bakwai, wanda ya samo can sama inda hazo ba ya tashi. Ya duba littafinsa na tsirrai bai gan shi ba, kuma da yake littafin ɗaya ne, binciken bai ɗauki lokaci ba. Ya ɗauke shi zuwa Limbe wurin Dakta Enanga, masaniyar tsirrai. Ta juya shi, ta ce ganye ba ya ba da shaida, sai ya yi fure. In ya zama sabon iri ne, akan sa masa sunan wanda ya gano shi. Ina jin don ta sallame shi ta faɗa. Shi kuwa tun a mota ya fara gwada yadda Ngale zai fito da Latin.

Shekara goma sha ɗaya abin bai yi fure ba.

Kowace shekara kuma ana bikin godiyar girbi a cocinmu. Kowa ya ɗauko mafi kyawun abin da gonarsa ta ba shi, ya taka rawa da shi har gaban bagade, in an tashi a yi gwanjonsa a harabar coci. Mola Efome dattijon coci ne, yana zama a gaba, kuma hannu rabbana yake zuwa. Sa'ansa Mola Mbua, wanda kan zo da kan agade sai mutum biyu sun ɗaga, ba ya barin abin ya wuce.

"Masani, bana ma ciyawar ba ta nuna ba? Ko Ubangiji ya ƙara haƙuri?"

Wata shekara abin ya ishi Mola Efome, ya miƙe a gaban jama'a ya ce gonarsa ba irin ta masu cika ciki ba ce, amma ranar da tamanin da bakwai ya yi fure, nunan farin na Ubangiji ne. Aka yi tafi. Alkawari ne mai sauƙi, irin wanda mutum kan yi a kan abin da bai taɓa faruwa ba.

Bana, ranar Juma'a, saura kwana biyu bikin, ya yi fure. An kira ni na gani. Furanni ne guda shida, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa, suna warin kifin da ya kwana a rana. Ƙudaje sun riga ni zuwa. Mola Efome ya buga wa Dakta waya, ta ce ba za ta samu hawowa ba sai Talata, kada a taɓa shi.

Ya roƙi matarsa ta yi shiru har Laraba. Ta ce ita ba mai surutu ba ce, ƙungiyar mata kawai ta gaya wa, don su taya shi murna. Kafin rana ta faɗi Mola Mbua ya leƙo ta kan shinge yana tambaya ko za a buƙaci mutum biyu wajen ɗauka.

Sai Mola Efome ya yi dabara irin ta magatakarda. Alkawari bai ce a tsinke ba, don haka zai kai shi ɗungurungum a kan ɓawonsa, in an zo gwanjo ya saye abinsa. Wa zai yi takara a kan ciyawa mai wari? Ranar Lahadi ya sa kwat, ya riƙe ɓawon da hannu biyu, ya taka rawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ƙudaje na rakiya. Fasto ya karɓa, ya ɗan kau da kai, ya sa albarka.

Abin da ya manta shi ne, a gwanjonmu ba don kaya ake tayawa ba, don mai kaya ake yi. Yana buɗe baki Mola Mbua ya ɗora. Ya ƙara, Mbua ya ƙara, fuskarsa a ɗaure, yana cewa ya daɗe yana neman abin da zai kori surukansa daga gida. Da Mbua ya gaji, sai aka ji murya daga ɓangaren mata. Iya Limunga ce.

"Limunga, me za ki yi da shi?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ɓawon nan ya bushe sarai, Mola. Zai dafa mini kwakoko, alalar gwazar nan tamu, tunda gwazar ma yanzu sayowa nake yi."

Mata suka mara mata baya. Sai da ya kai kuɗin akuya mai ciki kafin suka sakar masa. Akuyar da aka yi gwanjonta bayansa ba ta kai haka ba. Fasto ya ce tun da aka gina cocin ba a taɓa ganin irin wannan sadaukarwa ba, ya roƙi jama'a su yi koyi.

Ranar Talata Dakta Enanga ta iso. Mola Efome ya riga ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a takarda, don kada a yi kuskure. Ta ciro gilashinta ta duba, bai fi minti ɗaya ba. Ta yaba da kulawar da ya samu, ta ce ba kowa ke iya sa shi fure a gida ba, sannan ta faɗi sunan da furen ya riga ya samu. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya tambaya sunan wane ne wannan, ta ce wani Bajamushe ne da ya yi damina ɗaya a Buea tun kafin a haifi kakan Mola Efome. Akwai busassun irin furen nan goma sha huɗu a aljihun teburinta.