Malam Kabo, Mai Bin Bayan Mota

A da, ana idar da sallar asuba Malam Kabo yake fito da injin iska da bahon ruwa, ya zauna bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi yana facin taya. Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye aikin. Ba facin ne ya sa ake masa wannan jinjina ba.

A zamanin soja ya ga mutanen da aka ɗauka daga gida, har yau ba labari. Tun sannan ya ɗaukar wa kansa abu ɗaya: motar da ta ɗauki ɗan unguwa, zai bi ta da babur ɗinsa ya ga inda ta tsaya.

Shekarar da aka koma mulkin farar hula, wasu jami'ai cikin kayan gida suka faɗa gidan Inna Huraira da hantsi, ko sallama babu. Suka fito da ɗanta Nura direba, wai ya yi faɗa da wani mai hali a Tarauni.

Malam Kabo ya miƙe. "Samari, ina takardar izinin kamu?"

"Baba, ji da facinka."

"Ai soja sun tafi."

"Mu muna nan."

Malam Kabo ya tayar da babur ya bi su. Motar ba ta nufi Tarauni ba. Ta bar gari, ta kai Nura wata ƙaramar hukuma inda mai ƙarar yake da mutane. Sai la'asar Malam Kabo ya dawo, ya tsaya a zauren Inna Huraira ya ce, "Inna, share hawaye. Na ga ƙofar da aka shige da shi."

Shi ya nemo Barista Fauziyya. Da aka kai Nura kotun can, ta tsaya gaban alƙali ta ce an yi kamu ba takarda, kuma abin da ake zargi a Tarauni ya faru, wannan kotu ba ta da hurumi. Alƙali ya amince, ya kori ƙarar. Nura ya kwana a gida.

Kai ne, Malam, idon unguwa. Ba ka taɓa riƙe rigar jami'i ba, ba ka kuma taɓa juya baya ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya ƙara lafiya.

Babur ɗin yana jingine a zaurensa. Ran nan Nura ya tambaye shi ko zai sayar.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji shi. "Wa zai hau a cikinku?"